Layi Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Mai Taro, shugabanmu a ofis, ya kira taro. Minti hamsin muka yi a ɗakin nan mai fankar da ke ƙara, abin da aka faɗa kuwa bai fi na minti biyar ba: kafin mu fitar da sabon zubin laburaren, wato manhajar da muke yi, a ƙarshen wata, sai an yanke yadda uwar manhajar za ta riƙa gano filogin ɗinta. Wato dai jerina na sunayen filogin ake so a kashe. Ba wanda ya faɗa da bakinsa. Dogo, abokin aikina, sai cewa yake "hanyar da ake bi yanzu", yana kallon silin, sai ka ce daga can hanyar ta faɗo, ba ni da ke zaune a gabansa na shimfiɗa ta shekara tara da suka wuce ba.

Alhamis, ashirin ga wata za a yanke. Na ce to. Na shanye ruwana. Ban jefi kowa da kofin ba, a rubuta mini wannan a cikin ayyukan alheri.

Talata, 4 ga Maris

Malam, maigidana, ya shigo kicin ya tarar ina yanka albasa, ya tsaya yana kallo, ya tambaya me albasar ta yi mini. Ya ja kujera ya ce in yi masa bayani kamar yadda shi ya yi shekara talatin yana yi wa 'yan aji ɗaya.

Na ce masa abin da muke yi uwa ce guda, wadda wasu ke ɗauka kyauta su gina nasu aikin a kanta. Aikinta karanta sakamako daga na'urorin gwajin ruwa. Kowace na'ura da yarenta, don haka kowacce sai an rubuta mata ɗan tafinta, shi ne filogin. Rigimar ita ce: ta yaya uwar za ta san tafintocin da ke akwai?

Tawa hanyar fayil ne guda, layi arba'in da ɗaya, kowane layi sunan filogin ɗaya. Ba mai shiga sai na karanta kod ɗinsa, wato rubutun manhajarsa, daga farko har ƙarshe, na yarda, na rubuta layin da hannuna. Shi kuma Dogo so yake duk lokacin da uwar ta tashi ta bi folda-folda tana leƙe, duk abin da ya yi mata kama da filogin ta sungume shi. Akwai ta uku da ake yi a wasu wurare, inda kowane filogin ke zuwa da 'yar takardarsa mai cewa ni ne wane, na'ura kaza nake karantawa, uwar kuma takardun kawai take dubawa.

"Wato ke ce mai gadi, shi kuma yana so a cire ƙofar," in ji Malam. Na ce bai yi nisa da gaskiya ba. Ya ce ta ukun ta yi masa kama da littafin masaukin baƙi, inda baƙo ke rubuta sunansa da kansa. Na ce baƙo yana ƙarya. Ya ce mai gadi ma yana barci. Na miƙa masa wuƙar na ce tunda ya ƙware, ya ƙarasa albasar.

Alhamis, 6 ga Maris

Dogo ya aiko da takardar hujjojinsa, shafi tara. Na daina ƙirga kurakuran a shafi na biyu, don kada daɗin ya yi mini yawa.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi wanki, na shanya, na zauna a baranda da littafi amma shafi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Su Dogo ba su nan a shekara ta uku da fara aikin. Lokacin kowa cusa nasa yake yi yadda ya ga dama, har wani ya kawo filogin da ke kashe uwar gaba ɗaya duk sanda aka zare waya. Mako biyu na yi ina neman inda cutar take. Ranar da na gano na buɗe fayil ɗin nan na rubuta layin farko. Tun daga nan ba a sake ba. Shekara tara ba a sake ba. Wannan ba ya cikin shafi taran Dogo, domin abin da bai faru ba ba a yi masa taro.

Na karanta tarihin birane da yawa. Ba na tuna wanda aka ci saboda ƙofarsa ta cika tsauri.

Amma tunda ba mai karanta wannan sai ni: akwai buƙatu bakwai na shiga jerin da ke jirana. Ba lalaci ba ne, hannu biyu gare ni. Mafi daɗewa wata bakwai, ta wata mata ce da ke aiki a ɗakin gwajin ruwa can wani wuri mai nisa. Kod ɗinta yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma layi ɗari uku a dunƙule ba numfashi, sunaye kuma a1, a2, a3, kamar mai raɗa wa kaji suna. Na rubuta mata cewa wannan bai kai a sa shi a jeri ba, ta gyara ta dawo. Ta ce to, ta gode. Ba ta dawo ba. Laifina ne?

Laraba, 12 ga Maris

Yau Dogo ya gwada hanyarsa a gaban kowa. Ya zo da kwalabe uku na ruwa, ɗaya ya zuba mata gishiri da gangan don a ga bambanci, ya haɗa na'urar ofis, ya haska hoton a bango. Har sabuwar riga ya sa.

Uwar ta yi daƙiƙa arba'in tana leƙe-leƙe kafin ta tashi. Mai Taro ya duba agogo sau biyu. Kwalba ta farko, ruwa mai kyau. Ta biyu, mai kyau, lamba iri ɗaya. Ta gishirin, mai kyau, lamba iri ɗaya sak.

Muna da wani filogin na bogi da muke gwaji da shi idan ba na'ura a kusa. Kome ka ba shi, lafiya lau zai ce. Sunansa ɗaya da na gaske, da gangan, don ya tsaya a madadinsa. Yana kwance a wata tsohuwar folda tun bara. Uwar ta ci karo da shi da farko, ta ɗauka, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Na gyara zaman mayafina kawai.

Da aka watse ya same ni wajen injin shayi, kwalbar gishirin na hannunsa har lokacin. "Anti, kin san haka za ta faru, ko?" Na ce na sani tun shafi na uku. Ya ce me ya hana ni faɗa. Na ce shafi tara ya rubuta, bai bar mini gefen da zan sa biro ba. Ya yi dariya, amma kunnuwansa ba su yi ba. Yaro ne mai kai, ba na musu, shekara takwas muna aiki tare, kuma ya fi ni sanin yadda ake ƙunshe manhaja a aika. Sai dai yana tsammanin duk abin da ke cikin folda da niyya aka ajiye shi. Bai taɓa share ɗakin da yara suka kwana ba.

Na sayi lemo a hanya, mai yawa. Malam ya ce wa ya rasu muka ci gado.

Alhamis, 13 ga Maris

Na so in ƙarasa aikin da kyau. Na ce bari in nemo masu amfani da laburaren a dandalin da ake ajiye kod, in roƙi biyu ko uku su rubuta cewa jerin ya yi musu rana, in ajiye a gaban Mai Taro ranar ashirin.

Ban sami shaidu ba. Kwafi na samu.

Goma sha ɗaya. Mutum goma sha ɗaya sun kwashe laburaren ɗungurungum, sun ajiye nasu daban. Na buɗe na farko in ga me aka canza. Fayil ɗaya. Nawa. An ƙara layi ɗaya a ƙasa. Na biyu haka. Na bakwai haka. Ba wanda ya taɓa kome sai wannan. Biyar daga cikinsu na san sunayensu, suna cikin masu jirana. Sauran shida ko tambaya ba su yi ba, sun ga layin jiran sun wuce abinsu.

Na matar gwajin ruwa shi ne na huɗu. Tun Satumba.

Na rufe kwamfuta na je na tsaya a tagar bayan gida, inda ake ganin masu gyaran babur. Na daɗe.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da ya tashe ni da safe tun kafin agogo: gyaran Nuwamba.

A Nuwamba na gano cewa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar karatu, uwar tana ajiye rabin sakamakon kamar cikakke. Kuskurena ne, na tun farkon fari. Na gyara a rana ɗaya, na aika sanarwa, kowa ya sabunta, na ji ni wata ce. Amma mai kwafi ba ya sabuntawa. In ya sabunta layinsa zai ɓace. Na duba: tara cikin goma sha ɗaya ba su da gyaran.

Lambarta na ƙasan tsohuwar wasiƙarta. Na kira da hantsi. Ana jin janareta a bayanta. Da na faɗi ko ni wace ce sai ta hau gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya yara, kamar wadda surukarta ta kira. Ta fara ba ni haƙuri kan kwafin tun ban tambaya ba. Ta ce mako uku ta yi tana ƙoƙarin gyara kod ɗin yadda na ce, ba ta gane me nake so ba, kuma ta ji nauyin sake tambaya.

"Hajiya, ni ba mai kod ba ce, mai gwajin ruwa ce. A ƙarshen mako na koya. Na'ura tana kan tebur, rijiyoyi suna jira."

Na tambaye ta ko wuta na ɗauke musu. Ta yi dariya sosai, ta ce sau biyu a rana in an yi sa'a. Na tambaya ko tana ganin lambobin da ba su yi mata ba. Ta ce tana gani mana, tun tuni. Ta ce duk wanda ta yi shakka sai ta sake gwada shi da hannu, da kwalabe da magungunan ɗigawa, yadda ake yi da can. Rijiya sittin da wani abu take dubawa. Wasu sai ta sake hawa mota ta koma ɗebo ruwan, don wanda ta ɗebo ya kwana.

Na ce me ya sa ba ta gaya mana ba.

"Ai na ɗauka daga nawa kod ɗin ne. Kin ce bai kai ba."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatse ne, na san yadda ake amsa gatse. Na gaya mata ba nata ba ne, nawa ne, na bi da ita mataki-mataki ta ɗauki gyaran ba tare da ta rasa layinta ba. Ta yi ta godiya. Ita ce ke godiya.

Lahadi, 16 ga Maris

Fushi nake yi tun jiya kuma na rasa inda zan ajiye shi. Na gwada ɗora shi a kan masu kwafin. Bai kamata su kwafa ba, ko su kwafa su yi shiru, a rubuce yake a shafin farko. Ya zauna na kamar awa ɗaya ya zame. Na gwada Mai Taro, da ya ƙi ba ni mataimaki shekara uku. Wannan ya fi daɗewa, har bayan azahar.

Na ba Malam labari duka. Ina jira ya ce ba laifina ba ne, ko ya yi irin barkwancinsa in samu abin cizo. Sai ya tambaya ko akwai rijiyar da aka ce wa mutane su sha alhali ba ta da kyau. Na ce a wajenta babu, don ta sake gwadawa. Sauran takwas ban sani ba. Ya ce to a nan aikin yake. Ya tura mini shayina ya tashi.

Na rubuta wa takwas ɗin, kowa tasa daban, ba wasiƙar gama-gari ba. Sau takwas na rubuta "kuskurena ne". A na biyar hannuna ya saba.

Ni da nake cewa ba mai shiga sai na gani. Suna shiga. Ganin ne kawai ba na yi.

Talata, 18 ga Maris

Kwana biyu ina zuwa ofis da bakwai, kafin mai shara ta gama. Hanya ta ukun nan, mai takardu, nake gwadawa, wadda na ce wa Malam ta marasa ra'ayi ce. Don in ga inda za ta karye, na gaya wa kaina.

Ta karye a wurare uku, na ɗaure su. Takardar kowane filogin sai ta faɗi sunansa, na'urarsa, da zubin uwar da ya sani. Uwar takardun kawai za ta karanta, ba za ta taɓa kod ɗin kowa ba sai an ce ana son wannan na'urar. In biyu suka zo da suna ɗaya, ba za ta zaɓa ba, za ta tsaya cik ta faɗi sunayensu da inda kowanne yake kwance. In ɗaya ya faɗi, shi kaɗai zai faɗi. Baƙo yana ƙarya, har gobe ina kan bakana. Amma ana iya kama shi.

Wajen ƙunshe takardar ne na maƙale. Awa biyu tana ɓacewa a hanya. Dogo ya shigo da burodinsa a leda, ya wuce ta bayana, ya dawo da baya. Ya tsaya yana karanta allon. Na ce in yana da abin faɗa ya faɗa, in babu ya daina yi mini numfashi a ka. Ya ajiye burodin, ya ja kujera, ya nuna mini layi biyu. Minti huɗu.

Na nuna masa kwafin goma sha ɗaya. Ashe ya san da uku tun bara. Na ce shi kuma me ya hana shi faɗa. Ya ce, "Anti, ke ake gaya wa?"

Ya ce ba sai an ambaci maganar kwafin ranar Alhamis ba, a ce kawai mun haɗu a tsakiya. Na ce ya ci burodinsa.

Alhamis, 20 ga Maris

Na faɗa da kaina, a tsaye, jimla huɗu. Kwafi goma sha ɗaya, tara ba gyara, mace ɗaya ta yi wata shida tana biyan kuskurena da ƙafafunta, ga abin da nake ba da shawara. Dogo ya kawo kwalbar gishirinsa, muka bar filogin na bogin a inda yake da gangan. Uwar ta tashi cikin ƙiftawar ido, ta tsaya, ta ce ga biyu masu suna ɗaya, ku zaɓa. Ban taɓa jin daɗin ganin manhaja ta ƙi aiki irin na yau ba.

Mai Taro ya ce dama tun farko ita yake hange, matsakaiciyar hanya. Ya yi minti ashirin yana bayyana mana abin da muka gama nuna masa. Na bar shi. Tsufa ne ko gajiya, ban sani ba.

Ya tambaya wa zai goge tsohon fayil ɗin. Kowa ya kalli silin. Na ce ba mai taɓa shi.

Daga cikin takwas, shida sun amsa. Biyar ba su da matsalar wuta. Ɗaya zai sake duba sakamakon wata huɗu. Biyu shiru, na sake aikawa.

Litinin, 31 ga Maris

An fitar da sabon zubi. Ni na goge tsohon fayil ɗin, bayan kowa ya tafi cin abinci. Inda ake rubuta dalili na rubuta "ba a buƙata". Na karanta sunayen sau ɗaya tukuna, daga sama har ƙasa. Na tuna kowanne da rigimar da muka yi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na bakwai ya amsa jiya, lafiya lau. Saura ɗaya.

A matakala Dogo ya ce mini wani ya fitar da filogin na wata na'urar auna laka, wai har mutane sun fara amfani da shi. Ban san na'urar ba. Ban san mutumin ba. Kwana biyar ke nan da fitowarsa, kuma a matakala nake ji.

Na buɗe, ba zan yi ƙarya ba. Layi ashirin na farko sun ishe ni. Wanda ya koya masa raɗa suna Allah ya yafe masa. Na buɗe wasiƙa na fara jero masa, na kai na shida, na tsaya. Na goge. Na rubuta masa cewa na ga aikinsa, kuma in ya taɓa ganin lambar da ba ta yi masa ba, ya fara gaya mini kafin ya zargi kansa, ga lambar wayata. Na aika.

Ba wani abu ba ne, aiki ne ya yi mini yawa makon nan. Sauran layi ɗari biyu da tamanin suna nan ban karanta ba. Gobe wataƙila. Ko wani makon.